Gindin Akwatin da Na Yanke

Ni ne na yi laifi, ba kawunku Ilu ba. Na fara da wannan ne domin in wani cikinku ya gaji da karatu ya ajiye takardar nan a shafin farko, to ya riga ya ɗauki abin da nake so ya ɗauka. Kun taso kun same ni ina gyaran rediyo da fanka a rumfar da ke kan hanyar Kusugu, an kuma gaya muku na bar aikin sola ne don idona ya yi rauni. Idon ya yi rauni, amma sai daga baya. Abin da ya raba ni da sola shi ne wannan da zan rubuta, kuma yadda ya faru zan rubuta shi. Bokona bai wuce firamare ba, saboda haka kada ku tsaya neman gwaninta a rubutun. Gaskiyar kuwa tana ciki, ban rage komai ba.

Lokacin da sola ta fara shiga ƙauyukanmu, ina cikin 'yan kaɗan a Daura da suka iya haɗa inbata da hannunsu. Inbata ita ce na'urar da ke karɓar wutar batir ta mai da ita irin wadda fanka da talabijin ke sha. Ta kanti in ta lalace sai an kai ta Kano, ni kuwa sai in sayo kayan cikin, in naɗa taransfoma da kaina, in jera komai a kan allo, in kunna ta tashi. Na iya aikin, ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba. Daga Mai'adua da Baure ake zuwa nemana a kan babur. Abin da ban iya ba shi ne akwatin da za a sa ta ciki, don ni ba maƙeri ba ne. Nan kawunku ya shigo. Ilu yayan mahaifiyarku Hajara ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan gidan maƙera. Ya yi shekaru a Kano a wani wuri da ake ƙera akwatunan kayan lantarki, sannan ya dawo gida ya buɗe rumfar walda. Yaya nake ce masa. Shi kuma Isuhu yake ce mini, sai in yana son tsokanata ya ce injiniya.

Akwatin Ilu ba shi da kyan gani, amma in ka ɗaga shi ka san an yi aiki. Ƙarfe mai kauri, koren fenti, saman a rufe ruf ba ko huda ɗaya. A gefe yana tsaga masa ƙofofin iska ya lanƙwasa su ƙasa kamar kunnen tunkiya, ya bi bayansu da raga. Inda waya za ta shiga sai ya sa zoben roba don kada bakin ƙarfe ya yanke ta. Gindin kuwa shi ya fi ɓata wa lokaci. Faranti guda yake sawa, ya huda shi da ƙananan ramuka waɗanda tsinken tsintsiya ma da kyar yake shiga, ya bi shi da walda ta kowane gefe. Da yake kowace inbata da girmanta, sai ya rubuta sunan mai ita da ajami, da farin fenti, a cikin gindin akwatin, don kada na wani ya tafi gidan wani. Ni a farko na so a yi da katako, a manna masa fomika mai walƙiya, don mata sun fi son abin da zai dace da kayan ɗaki. Da na kawo masa maganar sai ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni.

"Injiniya, akwatin lefe za mu yi ko na wuta?"

Na ce, "Yaya, abin da nake haɗawa ba ya kamawa da wuta. Na sa fiyus, na sa komai."

Ya ce, "Zai kama. Ko ba yau ba, ko ba wannan ba, wata rana guda ɗaya zai kama. Hana wuta tashi aikinka ne. Nawa aikin shi ne in ta tashi ta tsaya a ciki, ta ci abin da za ta ci, ta mutu a nan. Katako ya taya ta ci, robar banza ta narke ta zubo da ita. Ka ga gindin nan? Abin da ya narke ƙasa yake nema. In ya sami hanya ya ɗiga, to ba inbata ce ta ƙone ba, gida ne."

Na ji maganar, na kuma gane ta sarai. Ina so ku riƙe wannan, domin daga baya na yi ta gaya wa kaina wai ban sani ba, alhali an gaya mini da Hausa, da rana tsaka, ina riƙe da akwatin a hannuna.

Sai bazara ta shigo, irin wadda ko ƙofar ƙarfe ba a taɓawa da hantsi. Inbata tana da wani abu a ciki da ke kashe ta in ta yi zafi, kuma a wannan shekarar da azahar ta yi sai wayata ta fara ƙara. Wannan ya ce fanka ta tsaya yara na kuka, wancan ya ce firjin ƙanƙararsa ya mutu, wani ya ce dama an gaya masa ya sayi ta kanti. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini rai. Na je wajen Ilu na ce ya faɗaɗa ramukan gindin. Ya ce ba zai yi ba. Ya ce in rage wa mutane kayan da suke lafta wa inbatar, in matsar da ita inda iska ke bi, shi kuma in ba shi mako biyu ya nemo ƙananan fankoki daga Kano ya dasa a gefe bayan raga. Mako biyu kawai ya nema. Ni kuwa na ga kafin nan sunana ya zube. Ranar da na dawo, akwai akwati guda a rumfata da ba a kai ba tukuna. Na ɗauko injin yankan ƙarfe na bi gindin na zagaye shi, farantin ya faɗo ƙasa. Na kunna inbatar na lafta mata kaya har la'asar, ko gezau. Wallahi daɗi na ji, na ce ashe abin da Ilu ya tsaya yi wa dogon bayani bai wuce aikin minti biyar ba. Cikin kwana goma na zagaye gidajen da suka yi ƙorafi, ina sauke akwati in fita da shi waje in ce zan duba, in yanke gindin in mayar. Ba wanda ya lura, don ba mai sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashin abin da ke rataye a bango. Faranti goma sha tara na tara. Na jibge su bayan ɗakin girki, mahaifiyarku kuma ta ga sun yi daidai da shanyar kuɓewa, ga ramuka iska na bi, sai ta riƙa shanya a kai.

Ɗaya daga cikin gidajen na Alhaji Mamman ne, dillalin shanu a wani ƙauye gabas da Baure. A ɗakin mahaifiyarsa Inna Dije muka rataye inbatar tun farko, don soron ƙasa ne mai sanyi, kuma yara ba sa shiga su yi taɓe-taɓe. Wata Talata bayan azahar ya kira ni, ban ma gane muryarsa ba. Na hau babur na tafi. Kafin in isa an kashe wutar da ruwan rijiya da ƙasa, amma ɗakin ya tafi, azara ta rufto, kayan tsohuwar na shekara da shekaru sun zama toka. Ita an wuce da ita asibiti. Matan gidan suka ce tana kishingiɗe ta ji wani abu ya fashe, ta ɗaga kai ta ga wuta na ɗigowa daga akwatin kamar kitse a kan garwashi. A ƙarƙashinsa akwai katifar soso da ta jingine da bango da tabarmi a naɗe. Ta tashi ta ja katifar da hannu biyu don ta fitar da ita, soson ya narke ya manne mata. Ko tsaka ce ta shiga ta gindin ta haɗa wayoyi, ko wani abu ne ya gaji ya fashe, Allah ne Ya sani. Na shiga cikin tokar na tarar da akwatin har yanzu a bango. Fentin ya ƙone, amma saman lafiya, gefe lafiya, ragar ma ba ta yage ba. Duk inda Ilu ya rufe ya riƙe. Inda na buɗe, ta nan ta fita.

Washegari da hantsi aka taru a zauren mai gari, aka ajiye akwatin a tsakiya. An aika wa Ilu, don kowa a yankin ya san koren akwati nasa ne. Ni ma ina zaune a gefe. Mai gari dattijo ne mai magana a hankali. Ya fara da jaje, ya ce ƙaddara ta riga ta faru, amma akwai irin na'urar nan a gidaje da yawa, yana so ya san ta ina abin ya zo.

"Malam Isuhu, kai ka haɗa. Me ka gani?"

Ban shirya ƙaryar daga gida ba. Amma da na buɗe baki sai ta fito a shirye, kamar ta kwana tana jirana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na'ura takan yi tartsatsi, wannan ba sabon abu ba ne. Shi ya sa ake mata akwati. To ga shi kuna gani, gindin ya ɓalle. Waldar ce ba ta kama ba, da zafi ya yi yawa sai ta saki."

Alhaji Mamman ya juya ya dubi Ilu. Ilu ya taso ya tsuguna gaban akwatin, ya kifa shi, ya bi bakin da yatsa a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗinkin waldarsa na nan daram, yankan yana ciki da kamar faɗin yatsa biyu, a miƙe, da sawun haƙoran inji. Mutanen zauren manoma ne da masu kiwo, ba su san bambancin waldar da ta saki da ƙarfen da aka yanka ba. Ilu kuwa ko a mafarki ya taɓa ya sani. Ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Kallo ne irin na mai auna ƙarfe kafin ya yanka.

Mai gari ya ce, "Malam Ilu, ana sauraronka."

Ya ce, "Akwatina ne, ranka ya daɗe. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya kiyaye gaba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Alhaji Mamman ya miƙe yana huci, ya ce da ba don albarkacin surukuta da ke tsakanin Ilu da Malam Isuhu ba, da sai hukuma ta raba su. Wato albarkacina Ilu ya ci. Na hau babur na dawo Daura, shi ya tsaya neman mota, ban ce ya zo in ɗauke shi ba.

Kun san garinmu, magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin sati ya zagayo an laƙaba masa suna, Ilu waldar miyau. In ya wuce majalisar bakin kasuwa sai wani ya ɗaga murya.

"Malam Ilu, ƙofar nan da ka yi mini, in ɗaure ta da igiya ne, ko za ta kai damina?"

Wani ya karɓe, "Kai dai tokare ta da itace, kada ta faɗo wa baƙo."

A yi dariya, shi ya yi sallama ya wuce. Ina cikin majalisar nan wasu ranakun. Ban taɓa fara tsokanar ba, amma ban taɓa hana ta ba, kuma sau ɗaya na yi dariyar. Masu gini suka daina kawo masa ƙofa da taga. Mutumin da ake jira a layi ya koma facin baro da amalanke, ranar kasuwar Mai'adua ya ɗauki kayansa ya tafi can inda ba kowa ya san sunan ba. Ni kuma aiki ya ƙaru mini, don an ce na faɗi gaskiya ko da a kan surukina ne. Na koma sayen akwatunan kanti. Amma sauran gidaje goma sha takwas ɗin nan suna raina kullum. In na koma na mayar da gindin, dole mai gida ya tambayi me ya cire shi, kuma ba za a ce walda goma sha tara duk ta saki a bazara ɗaya ba. Sai na zaɓi in yi shiru in yi ta addu'a. Ku dubi wannan da kyau: gidaje goma sha takwas, da mata da yara a ciki, na ɗora su a kan sikeli da sunana, sunana ya rinjaya.

Mahaifiyarku ba ta tambaye ni komai ba. Abinci na zuwa a kan lokaci, ruwan alwala na nan, gaisuwar safe ba ta fasa ba. Amma hirar da muka saba yi bayan la'asar a gindin darbejiya ta ɗauke, in na zauna sai ta tuna da wani aiki a ɗaki. Na ɗauka baƙin cikin abin da ya sami ɗan'uwanta ne, har ina ba ta haƙuri ina cewa kowa na iya kuskure.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai na je Mai'adua wajen wani tela da na haɗa wa sola, zai ƙara batir. Da na sunkuya zan ja waya sai na ga gindin akwatin a rufe. Farantin nan ne dai mai ƙananan ramuka, an yi masa sabon leɓe na ƙarfe an ɗaure shi da ƙusoshi ta kowane gefe. A gefen akwatin kuma ga ƙaramar fanka bayan raga tana juyawa ba ƙara. Na taɓa ƙarfen, sanyi ƙalau.

Na ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Telan ya ce, "Au, ba kai ka turo shi ba? Surukinka mana, waldar miyau. Ya zo wancan watan, wai ya zo gyara aikinsa kada abin da ya faru a Baure ya sake faruwa. Na ce masa, Malam, yanzu ka san da haka? Na gaya masa maganganu, wallahi. Ya gama ya share wurin ya tafi. Ko ruwa ban ba shi ba."

Ban san yadda na ƙarasa aikin ba. Da na iso gida ban tsaya cire hula ba, na zagaya bayan ɗakin girki. Ba faranti ko ɗaya. Kuɓewar tana kan tsohon buhu a ƙasa. Hajara na tsaye tana tankaɗe, ba ta juyo ba.

Na ce, "Ina ƙarafan da ke nan?"

Ta ce, "Sun koma gidajensu."

"Wa ya ce ki ba shi?"

Sai ta ajiye rariyar ta juyo. Shekara goma sha huɗu muna tare a lokacin, ban taɓa jin ta yi mini magana da wannan muryar ba, kuma ba ɗaga ta ta yi ba.

"Malam, ni 'yar maƙera ce. Kuma na yi allo, ina karanta ajami. Ranar da kuka dawo daga Baure na zo kwashe kuɓewa, na ga sunan Alhaji Mamman a ƙarƙashinta da rubutun Yaya. Gindin da aka ce ya ɓalle ya faɗa wuta, ga shi a gidana ko baƙin hayaƙi babu. Na jira ka sati uku ko za ka ɗauke su ka mayar. Kullum in na ji wayarka ta yi ƙara sai in ce wani gidan ne. Da na ga ba ka da niyya, na sa su a buhu na kai masa."

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ƙirga su, ya karanta sunayen, ya ce Alhamdu lillahi da aka rubuta. Na ce ya kai na Alhaji Mamman gaban mai gari. Ya ce in ya kai, 'ya'yan wa za a riƙa nunawa a hanya? Ya yayyanka shi a gabana ya yi facin amalanke da shi. Saboda haka ka kwantar da hankalinka, Malam, ba sauran shaida. Ya gama sha takwas ɗin duka, na ƙarshe ranar Lahadi. Ba wanda zai taɓa kama ka."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Da ma in ce muku a ranar na tafi na faɗi gaskiya. Ban tafi ba. Na ƙara wata biyu ina kai da kawowa, ina gaya wa kaina ai gidajen sun tsira, magana ta mutu, tono ta ba zai mayar wa Inna Dije hannunta ba. Amma abin da Hajara ta ce, ba wanda zai taɓa kama ni, shi ya hana ni sakat. Da ina tsoron a kama ni, tsoron ya cika mini ciki ban sami wurin jin kunya ba. Da tsoron ya tafi sai kunyar ta sami wuri. In na tsaya salla sai in ga mutumin nan a kan tsohon babur ɗinsa cikin taɓon damina, da buhun ƙarafa a baya, yana sallama a ƙofar gida bayan gida yana cewa ya zo gyara aikinsa. Sau goma sha takwas ya ɗauki laifina da bakinsa, bayan na farkon da na ɗora masa. Na je wajen wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ban faɗi suna ba, na ce mutum ne ya yi wa wani ƙazafi a gaban jama'a, yana ta istigfari. Ya ce istigfarin na da kyau, amma haƙƙin mutum sai mutumin, kuma abin da aka ɓata a gaban jama'a a gaban jama'a ake gyara shi. Na san haka kafin in tambaya. So nake wani ya faɗa mini da baki.

Bayan an gama girbi na je wajen mai garin ni kaɗai, na roƙe shi ya tara mutanen da suka zauna a wancan zaman, ranar Juma'a bayan an sauko, ya kuma aika wa Ilu. Na san abin da zai biyo baya, kuma duk ya biyo. Alhaji Mamman bai sake amsa sallamata ba har ya bar duniya. Ba wanda ya sake ba ni haɗin sola daga Baure har Mai'adua, kuma da ni ne su, ni ma ba zan bayar ba. Inna Dije ta ce ta yafe da na je na durƙusa mata, amma yatsunta uku ba su sake miƙewa ba, jikarta ke ɗaura mata ɗankwali. Sunan nan na waldar miyau ma bai mutu gaba ɗaya ba, don ƙarya ta riga ta je inda ban isa in bi ta ba. Ban yi nadamar zuwan ba ko sau ɗaya. Nadamata ita ce watannin da na ɓata kafin in je.

Ilu ya zo a makare, da kayan aikinsa a jiki, hannunsa duk baƙin ƙarfe. Ya zaci wani akwatin ne ya sake kamawa, don yana shigowa bai ko zauna ba ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan wa? An sami rauni?" Mai gari ya ce ya zauna, Malam Isuhu ne ke da magana. Na miƙe na faɗi komai, tun daga katakon da na so a yi, da mako biyun da ya nema na hana, da injin da na ɗauka, da faranti goma sha tara, da wanda ya bi gida gida ya mayar. Alhaji Mamman ya riƙa maimaita innalillahi. Ilu ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ya ce a hankali, "Isuhu, ya isa, zauna." Ban zauna ba. Na taka na je gabansa na durƙusa a kan gwiwoyina, yadda ban taɓa yi wa kowa ba sai mahaifina, na ɗaga murya don na bakin ƙofa ma su ji.

"Yaya, waldarka ba ta taɓa saki ba. Ni na yanke gindin akwatin da hannuna, bayan ka gaya mini abin da zai faru. Ni na ƙona ɗakin Inna, ni na ƙona hannunta, na zo nan na ɗora maka, ka ɗauka saboda ƙanwarka da 'ya'yana, ni kuma na zauna a majalisa ana yi maka dariya na taya. Ba ni da uzuri, ba zafin bazara ba ne, ba shaiɗan ba ne, ni ne. Ban zo don ka ce ba komai ba, da komai. Na zalunce ka, Yaya. Don Allah ka yafe mini."